Kwamfutoci uku sun ƙi karɓar manhaja a Ubuntu 22.04, ta ina zan fara?

Aminu Runjin Sambo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna da kwamfutocin tebur 12 a wata cibiyar koyar da kwamfuta da ke Runjin Sambo, duka na hannu ne, kuma Ubuntu 22.04 ke kan kowacce. Uku daga ciki sun cije, ba sa karɓar komai.

Ta farko, akwai manhajar lissafin kaya da aka kawo a filash, fayil mai ƙarewa da .deb. Da na buga `sudo dpkg -i manhaja.deb` sai ta ce:

`manhaja depends on libssl1.1, however: Package libssl1.1 is not installed`

Na nemi libssl1.1 ɗin da apt, ta ce `has no installation candidate`. Tun daga nan ko VLC na so sakawa sai ta jefo min `Unmet dependencies`.

Ta biyu, ana tsakiyar `apt upgrade` aka ɗauke wuta. Yanzu ba abin da take faɗi sai `dpkg was interrupted`.

Ta uku ko `apt update` ba ta yi, cewa take `Release file is not valid yet`.

Shin filash ɗin ne ya shigo da cuta, ko in goge su in sake ɗora Ubuntu daga farko? Sannan data na cinye mu, kowace kwamfuta sai ta sauke abu iri ɗaya da kanta. Mai dabara ya taimaka, Allah ya saka da alheri.

Injiniya Sirajo

Wa alaikumus salam Malam Aminu. Kada ka goge ko ɗaya. Ba cuta ba ce, kuma matsalolin nan uku ba su da dangi da juna, haɗuwa kawai suka yi a ɗaki ɗaya. Bari in fara da mai sauƙi.

Ta uku agogonta ne ya koma baya. Kowane rumbun Ubuntu, wato ma'ajiyar intanet da apt ke sauko da manhajoji daga ciki, yana da fayil mai suna Release da ke ɗauke da ranar da aka sa masa hannu. Idan agogon kwamfutarka yana bayan wannan rana, apt zai ga kamar fayil ɗin daga gobe ya zo, sai ya ƙi yarda da shi. Buga `timedatectl` ka dubi kwanan wata da layin `System clock synchronized`. In ka ga `no`, ga gyaran:

`sudo timedatectl set-timezone Africa/Lagos`
`sudo timedatectl set-ntp false`
`sudo timedatectl set-time "2025-11-03 10:15"`
`sudo timedatectl set-ntp true`

Ka sa ranar da kake ciki a madadin wadda na rubuta. Dole ka kashe daidaitawar intanet tukuna, in ba haka ba umarni na uku ba zai karɓu ba. Tushen abin kuwa batirin agogo ne da ke kan allon uwa (motherboard), ɗan zagayayye kamar kwabo, CR2032 mai bolt 3. A kwamfutocin hannu yawanci ya riga ya gaji. Muddin soket na da wuta ba za ka lura ba, amma da an ɗauke wuta dare guda sai agogo ya tsaya. Canza shi, ka shiga BIOS ka gyara rana. In 12 ɗin tare aka sayo su, ka gwada na sauran da mita.

Ta biyu: dpkg yana aiki ne hawa biyu, ya fara warware fakiti, wato ƙunshin manhaja, ya baza fayilolinsa, sannan ya dawo ya daidaita shi. Wuta ta ɗauke tsakanin hawan biyu, shi ya sa wasu fakitoci suke rataye. Bi wannan jeri, kada ka tsallake:

`sudo dpkg --configure -a`
`sudo apt --fix-broken install`
`sudo dpkg --audit`

Idan na ƙarshen ya dawo shiru bai rubuta komai ba, an gama. Idan ya ambaci wani fakiti, ko ka ga `very bad inconsistent state`, to an katse shi ne yana cikin rubuta fayiloli, sai ka sake ɗora shi da `sudo apt install --reinstall` da sunansa. Wani lokaci katsewar wuta takan lalata jerin fayilolin fakitin da ke `/var/lib/dpkg/info/`, sai ka ga `files list file for package` tare da `missing final newline`. A nan ka matsar da fayil ɗin .list na wannan fakitin kaɗai zuwa wani wuri, ka sake ɗora fakitin, zai rubuta sabo. Kada ka kashe kwamfutar sai `--audit` ya yi shiru, musamman in akwai `linux-image` cikin waɗanda suka rataye. In kuma ta riga ta ƙi tashi, danna Shift ko Esc lokacin kunnawa, ka shiga `Advanced options` ka zaɓi tsohon kanel, wato zuciyar tsarin da `linux-image` ke ɗauke da ita, ka yi gyaran daga can.

Gaba kuma ka raba saukewa da ɗorawa. `sudo apt -d upgrade` saukewa kawai yake yi, ko wuta ta tafi ba abin da zai lalace, zai ci gaba daga inda ya tsaya. Ɗorawar ka bari sai kana kan inbata ko UPS mai lafiya, minti kaɗan take ɗauka tunda komai na ƙasa.

Yanzu ta farko, wadda ita ce mai aiki. dpkg kamar birkila yake, abin da aka ajiye masa a gaba shi zai ɗora, ba ya zuwa kasuwa neman siminti. apt ne mai zuwa kasuwa. Saboda haka fayil ɗin .deb ana saka shi ne da `sudo apt install ./manhaja.deb`, kuma ɗigo da sandan nan na farko dole ne, in babu su apt zai tafi neman sunan a rumbu. Da haka duk abin da manhajar ke buƙata, in yana rumbu, za a sauko da shi tare.

Sai dai naka ya wuce nan. A saƙon apt, ba na dpkg da ka gani ba, akwai bambanci tsakanin `is not installed` da `is not installable`. Na farko yana nufin abin na nan a rumbu, ba a dai ɗora shi ba, `--fix-broken` zai kawo shi. Na biyu yana nufin babu shi ko kaɗan a rumbunan da kwamfutarka ta sani. Buga `apt policy libssl1.1`, za ka ga gurbin `Candidate` babu komai. Dalili shi ne Ubuntu 22.04 ya koma OpenSSL 3, fakitinsa libssl3, ya bar libssl1.1 a 20.04. Wato manhajar taku don 20.04 aka gina ta. Kana iya ganin duk abin da take nema ba tare da ka ɗora ta ba:

`dpkg-deb -f manhaja.deb Depends Architecture`

Abin da ya hana VLC shiga kuwa, dpkg ya bar manhajar a warware ba a daidaita ba, apt kuma ba ya taɓa wani aiki alhali akwai fakiti a karye. `dpkg -l | grep -v ^ii` zai nuna maka ita da alamar `iU`. Ka buga `sudo apt --fix-broken install`, zai ce zai cire ta, ka yarda. Kwamfutar za ta dawo daidai, sannan a zauna a yi maganar libssl1.1 a natse.

Ɗan Gwiwa

Injiniya ya gama magana kan biyun can. Wagga ta libssl kau, hanyar da anka saba bi gajera ce. Ka ƙara rumbun tsaro na 20.04 na ɗan lokaci:

`echo "deb http://security.ubuntu.com/ubuntu focal-security main" | sudo tee /etc/apt/sources.list.d/focal.list`
`sudo apt update`
`sudo apt install libssl1.1`
`sudo rm /etc/apt/sources.list.d/focal.list`
`sudo apt update`

Amfaninta shi ne apt da kansa zai tantance sa hannun fakitin, ba ka ɗauko fayil daga wani shafi da ba ka san mai shi ba. libssl1.1 da libssl3 ba su faɗa, sunayen fayilolinsu daban ne, `libssl.so.1.1` da `libssl.so.3`, kowa da wurinsa.

Abu guda da zan ƙara: in ka ga `Could not get lock /var/lib/dpkg/lock-frontend` jim kaɗan bayan kunnawa, kada ka bi masu cewa a goge fayil ɗin. Sabuntawar tsaro ce ta `unattended-upgrades` ke gudana a ɓoye, saƙon ma yakan faɗi lambar aikin da ya riƙe makullin. Jira ta ƙare. Goge makullin ana cikin aiki shi ka jawo irin abin da ɗauke wuta ya yi ma kwamfuta ta biyu. Allah shi taimaka.

Malama Luba

Malam Ɗan Gwiwa, hanyarka tana aiki, ban musa ba, amma ba zan ba mai kwamfuta 12 da ɗalibai ke taɓawa ita ba. Duk lafiyarta ta rataya ne a kan layi na huɗu, wato cire rumbun. A manta shi a kwamfuta ɗaya, shi ke nan. Ba wai apt zai mayar da tsarin baya da kansa ba, shi kullum siga mafi girma yake zaɓa, don haka na 22.04 za su ci gaba da rinjaye. Matsalar ita ce duk wani abu da babu shi a 22.04, daga ranar zai riƙa zuwa daga 20.04 ba tare da an ce maka uffan ba. Bayan watanni sai wani fakitin ya nemi tsohuwar sigar wani laburare (fayil irin libssl da manhajoji ke dogara da shi) da sabuwarsa ke kan kwamfutar, ka wayi gari da `you have held broken packages`, ka buga `apt-mark showhold` ka tarar ba abin da aka riƙe. Warware wannan ƙullin ya fi na yau wuya nesa ba kusa ba.

In dole sai libssl1.1, a ɗauko fayil ɗaya tak daga rumbun Ubuntu na ainihi. Buɗe `security.ubuntu.com/ubuntu/pool/main/o/openssl/` a burauza, ka nemi wanda ya fara da `libssl1.1_1.1.1f` ya ƙare da `amd64.deb`, ka ɗauki mai lambar ƙarshe mafi girma. Kada ka kwafi cikakken adireshi daga tsofaffin rubuce-rubuce, lambar tana canzawa kuma ana share tsofaffin, shi ya sa mutane ke cin karo da 404. Ka tabbatar `dpkg --print-architecture` ya ce amd64. Sai ka ajiye shi a jaka ɗaya da manhajar ka ɗora su tare:

`sudo apt install ./libssl1.1_*.deb ./manhaja.deb`

Fayil ɗin ƙarami ne, ka sauke sau ɗaya ka zagaya da shi a filash.

Amma Malam Aminu ka san abin da kake ɗauka. Masu OpenSSL sun daina kula da zubin 1.1.1 tun Satumba 2023. Ubuntu ya ci gaba da toshe ramukansa a 20.04, shi ma tallafinsa na kyauta ga kowa ya ƙare a Mayu 2025, sai ga masu Ubuntu Pro. Wanda ka ɗora da hannu ba zai taɓa samun sabuntawa ba ko ta wace hanya. Wannan laburaren kuwa shi ke ɓoye bayanai tsakanin manhaja da intanet. Idan manhajar lissafin a cikin kwamfuta kawai take aiki, haɗarin kaɗan ne, a yi amfani da ita. Idan tana aika bayanan kuɗi ko kalmar sirri zuwa waje, ni ba zan amince ba. Ka koma wurin wanda ya kawo ta ka tambayi sigar da aka gina don 22.04 ko 24.04. Mai manhajar da har yanzu bai fitar da ita ba, ka san ya daina kula da kayansa, ka fara neman madadi.

Abubuwa biyu da za ka gani a intanet, ka guje su. Na farko `dpkg -i --force-depends`: manhajar za ta shiga, ba za ta buɗe ba tunda laburaren babu shi, apt kuma zai ci gaba da kuka. Na biyu yin `ln -s` daga `libssl.so.3` zuwa `libssl.so.1.1` don a yaudari manhajar. Lambar nan ba ado ba ce, an canza ta ne saboda cikin laburaren ya canza. Za ka samu `version OPENSSL_1_1_0 not found` ko ta mutu tana tashi.

Kuma kafin ka danna Y a kowane umarnin apt, karanta abin da ke ƙarƙashin `The following packages will be REMOVED`. In ka ga `ubuntu-desktop` ko `gdm3` ko `network-manager` a ciki, danna n. Kana iya sa `-s` a umarnin, zai nuna maka abin da zai yi ba tare da ya taɓa komai ba.

Bello Arkilla

Ni maganar data zan taɓa, tunda ba wanda ya ɗauke ta. Kwamfuta 12 a kan siga ɗaya ba su da dalilin sauke abu ɗaya sau 12. Zaɓi guda wadda ta fi lafiyar faifai, wadda ke kan inbata, ka ba ta adireshi tsayayye a rauta, misali 192.168.1.10, ka ɗora mata:

`sudo apt install apt-cacher-ng`

Yana sauraro a ƙofa 3142. In katangar tsaro ta `ufw` na kunne, `sudo ufw allow 3142`. A kowace kwamfuta, har da ita kanta, ka ƙirƙiri fayil `/etc/apt/apt.conf.d/01proxy` da layi biyu:

`Acquire::http::Proxy "http://192.168.1.10:3142";`
`Acquire::https::Proxy "DIRECT";`

Wadda ta fara neman fakiti ita ke jawo shi daga intanet, ya zauna a `/var/cache/apt-cacher-ng`, sauran 11 su ɗauka ta waya a cikin ɗaki. Layi na biyun yana da muhimmanci: rumbunan da ke kan https, apt-cacher-ng ba ya iya ajiye kayansu, in ba ka ce su wuce kai tsaye ba za su riƙa faɗuwa da kuskuren 403. Rumbunan Ubuntu na kansa kan http suke, su ne kuma mafi nauyi. Kana iya ganin abin da ka tsimi a `192.168.1.10:3142/acng-report.html`. Illarsa ɗaya, ranar da kwamfutar da ke ajiye fakitocin ke kashe, apt na sauran ba zai yi aiki ba.

In babu waya tsakaninsu sai filash, ka lura `apt` yana share fayilolin .deb bayan ya ɗora su, `apt-get` ne ke barin su a `/var/cache/apt/archives`. Don haka a kwamfutar farko yi amfani da `apt-get`, ka kwashe fayilolin, a sauran ka shiga jakar ka buga `sudo apt install ./*.deb`. Wannan yana tafiya daidai ne kawai in kwamfutocin suna matakin sabuntawa ɗaya.

Ɓarawon datan da ba a gani shi ne snap, wata hanyar ɗora manhaja ta daban da apt. Firefox na 22.04 snap ne, ba ya bi ta apt, kuma snap yana leƙa sabuntawa sau huɗu a rana. `sudo snap refresh --hold` zai tsayar da shi, sai ka riƙa buga `sudo snap refresh` da kanka lokacin da data ke da sauƙi. Kada dai a bar burauza wata da watanni ba sabuntawa.

In sabis ya yanke ana `apt update` ka ga `Hash Sum mismatch`, jerin ne ya sauko rabi. `sudo rm -rf /var/lib/apt/lists/*` sannan `sudo apt update`. Ka duba rubutun da kyau kafin ka danna, kada tazara ta shiga tsakanin sandan ƙarshe da tauraron.

Aminu Runjin Sambo

Allah ya ƙara sani baki ɗaya. Ta biyu da ta uku sun warke, batirin ne kuwa. Manhajar ba ta hawa intanet, don haka na bi hanyar Malama, ta shiga ba kuskure ko ɗaya. Sai dai in an danna tambarinta ba ta buɗewa, ba ta kuma cewa komai. Injiniya, me ya rage?

Injiniya Sirajo

Madalla. Wannan rukuni na biyu ne na abin da ya ɓace. apt yana duba abin da mai manhaja ya rubuta a layin `Depends` ne kawai. In ya manta wani laburare bai rubuta ba, saboda a kwamfutarsa yana nan tun asali, fakitin zai shiga lafiya, sai wajen tashi ya faɗi. Tambari ba ya nuna kuskure, taminal ke nunawa.

Fara da gano inda take zaune:

`dpkg -L manhaja | grep -E "bin/|/opt/"`

Ka kira ta daga taminal da cikakkiyar hanyarta ka karanta abin da ta ce. In ka ga `error while loading shared libraries` da sunan wani fayil, ga yadda za ka ga duk waɗanda suka ɓace a lokaci ɗaya maimakon ɗaya bayan ɗaya:

`ldd /opt/manhaja/manhaja | grep "not found"`

Sunan fayil da sunan fakiti ba ɗaya ba ne, kada ka yi ta cinke. Akwai mai haɗa su:

`sudo apt install apt-file`
`sudo apt-file update`
`apt-file search libxcb-xinerama.so.0`

Zai ce maka fakitin `libxcb-xinerama0` ne. `apt-file update` yana sauke jeri mai ɗan nauyi, a kwamfuta ɗaya kawai za ka yi shi. In bai samo komai ba, tabbatar rumbun universe na buɗe da `sudo add-apt-repository universe`, ka sake gwadawa.

Ban kawo misalin xinerama haka kawai ba. Irin waɗannan manhajoji da yawa da Qt aka gina su, kuma sukan zo da nasu Qt a cikin `/opt`. In saƙon ya ce `Could not load the Qt platform plugin "xcb"` alhali ya ce ya same shi, `ldd` a kan manhajar kanta ba zai nuna komai ba, domin abin da ya ɓace na wani ƙaramin fayil ne mai suna `libqxcb.so` da ake lodawa daga baya. Nemo shi ka yi masa `ldd`:

`find /opt/manhaja -name libqxcb.so`

Ko ka tashe ta da `QT_DEBUG_PLUGINS=1` a gaban umarnin, layukan ƙarshe za su faɗi sunan abin da ta rasa. A Qt 5 yawanci `libxcb-xinerama0` ne, daga Qt 6.5 zuwa sama kuma `libxcb-cursor0`. Dukansu suna rumbun 22.04.

In `ldd` ya ce `not a dynamic executable`, duba fayil ɗin da `file`. Ko dai rubutun umarnai ne (shell script) da ke kiran ainihin manhajar, sai ka buɗe shi ka ga wadda yake kira, ko kuma mai bit 32 ce. In ta biyun ce, `sudo dpkg --add-architecture i386`, `sudo apt update`, ka ɗora `libc6:i386`, sannan duk laburaren da `ldd` ya ce babu ka ƙara masa `:i386` a ƙarshen suna. Turo mana abin da taminal ya rubuta yadda yake, kada ka taƙaita shi, tare da sakamakon `ldd` ɗin.